Baba Sa'idu Ya Rasu Yana Neman Goggonsa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina kicin ina dama wa yara kunu wayata ta yi ƙara. Hajiya Mairo ce, matar Baba Sa'idu. Da dariyata ma na ɗauka, na zaci za ta ce ya sake mance gilashinsa a wani wuri. Sai na ji ta ce, "Saudatu, Alhaji fa ya rasu."

Na ce, "Wane Alhajin?"

Wallahi haka na ce mata. Matar mutum ta kira ka tana kuka ta ce Alhaji ya rasu, kai kuma ka ce wane Alhajin.

Shi dai. Ya dawo daga sallar asuba, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya ɗan kishingiɗa a falo. Kafin a fito da mota rai ya yi halinsa.

An yi masa sutura kafin azahar. Yanzu na dawo daga gidan, ko mayafi ban cire ba, na ce bari in zauna in rubuta wani abu ko kaina zai sauka. In kun ga zancen yana hawa yana sauka ku yi haƙuri, haka kan nawa yake tun safe.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Alhaji Sa'idu malamin dabbobi ne, Bafulatanin wajen Taura, gidansa yana nan Takur, cikin Dutse. Shi ne ogana na farko da na kama aiki a matsayin mai buga takardu. Kowa a ofis Oga yake ce masa, ni kaɗai nake cewa Baba, kuma ban san ranar da na fara ba.

Satina na biyu a aiki na buga wata wasiƙa na juya sunan babban da za a kai wa. Aka dawo da ita daga sama ana faɗa. Ina tsaye, Baba ya karɓi takardar ya duba ya ce, "Ni na sa hannu ban karanta ba. Laifina ne." Da mutane suka watse ya miƙo min ita ya ce, "Malama, a sake mana, amma a hankali. Ba tsere ake ba."

Ko sau ɗaya bai sake tayar da zancen ba.

Shi ya matsa min na koma karatu. Shi ne da ɗana na fari ya kwanta asibiti ya ce in tafi, shi zai riƙa buga takardunsa da kansa. Da yatsa ɗaya yake bugawa, shafi ɗaya sai ya ci masa awa guda, amma bai kira ni ba har aka sallame mu. Duk sanda ya je gida Taura kuma sai ya zo min da man shanu a kwalba, ya ce na yaran ne, ba nawa ba.

Da ya yi ritaya abokansa wasu suka koma gona, wasu suka buɗe shago, wasu suka shiga siyasa. Shi kuwa ya je kasuwa ya sayo littattafan rubutu irin na 'yan firamare, masu jan bango. Ya ce asalin gidansu zai bi, tun daga kansa har inda tsofaffi suka daina tunawa.

Mutane suka yi ta surutu. Wasu suka ce sarauta yake nema, wasu suka ce akwai gonar gado da ya hango. Yakan yi dariya ya ce, "Sarautar me? Kakana sanda ya bari da butar alwala. Ni dai so nake in san su waye suka haife ni kafin in je in same su."

Haka zai ɗau tsohuwar motarsa ya bi ƙauyuka da rugage, da goro da sabulu a but ɗin motar, ya zauna gaban tsoho ko tsohuwa wuni guda, wayarsa tana ɗaukar murya, shi yana rubutu. Wani lokacin ya dawo da suna ɗaya tak. Wani lokacin ya dawo da suna uku na mutum ɗaya, ya rasa wanne ne na yanka.

Ni kuma aikina in mayar da rubutun cikin kwamfuta. Abin da ya sa sai ni, rubutun Baba rabi boko ne rabi ajami, in hannunsa ya gaji da wannan sai ya juya wancan a tsakiyar layi. Ni 'yar gidan malamai ce a Kiyawa, a tsangayar gidanmu na tashi, ajami ba ya ba ni wahala. Don haka duk Asabar da hantsi ina gidansa, Hajiya ta kawo min fura, shi yana gefe yana gyara min.

Kuma akwai gyaran. Buba uku ne a gidan, Bello huɗu, Muhammadu kuwa na daina ƙirgawa. In na haɗa biyu wuri ɗaya sai ya ce, "A'a Malama, kin aura wa mutum kakarsa. Wannan Buba mai jan sa ne. Wancan shi ne Buban da ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba."

A cikin sunayen nan akwai ɗaya da babu komai a ƙarƙashinsa. Ba miji, ba 'ya'ya, ba garin da aka binne ta. Kumbo.

Na tambaye shi wace ce. Ya ce goggonsa ce, ƙanwar mahaifinsa marigayi Malam Bello, uwa ɗaya uba ɗaya. Wata shekara ciwo ya faɗa wa garkensu suna kan hanya, shanu suka yi ta faɗuwa, uwarsu ma ta rasu a tafiyar. Kumbo tana da kamar shekara biyar, ga ta ba lafiya, ba ta iya tafiya. Sai ubansu ya kai ta gidan wani malamin tsangaya a wani ƙauye gabas da Dutse, ya ce ga amana, in an yi kaka zai dawo ya ɗauke ta.

Na ce, "To sai aka yi yaya?"

Ya ce, "Abin da nake nema ke nan. Babana ba ya zancenta. Sau ɗaya ya yi min, yana kwance ciwon ajali. Ya ce, akwai Kumbo, ku neme ta."

Na buga shafin na wuce. Allah ya sani ko kusa ban kawo komai a raina ba.

Sai wata Asabar, bara kafin azumi. Mun fitar da shafuka daga firinta, Baba yana jera su yana ƙirgawa da Fulatanci a hankali, kamar yadda yake yi in ya shagala. "Go'o, ɗiɗi, tati, nayi..." Bakina ya riga shi na ce, "Jowi."

Ya ɗago ya ce, "Ke kuma a ina?"

Na ce wajen kakata na ji, Inna, wadda ta haifi mahaifina. Sunanta Hauwa, amma tsofaffin unguwa 'Yarfillo suke ce mata, mu kuma muka ɗauka don tana da haske da dogon hanci ne. In tana awon gero da mudu haka take ƙirgawa. In ta kai biyar sai ta sake komawa ɗaya, don iyakar abin da ta sani ke nan. Muna yara muna yi mata dariya.

Ya ajiye takardun. Ya ce, "Su waye iyayenta?"

Na ce ban sani ba. Shekarata ashirin da wani abu Inna ta rasu, a ɗakinta nake kwana, ni nake tsefe mata kai. Amma ban taɓa ganin wani ya zo an ce ga ɗan'uwan Inna ba. Na san dai a gidanmu ta girma, ta auri ɗan malamin gidan, wato kakana. Ban taɓa tambaya ba. Wa yake tambayar kakarsa daga ina take?

Ya ce, "Akwai wani tabo a jikinta da kike tunawa?"

Na ce ƙaramin yatsanta ɗaya guntu ne, ba shi da farce.

Baba ya cire gilashi ya riƙe a hannu. Ya ce a kwanciyar ajalin nan mahaifinsa ya faɗa masa igiyar maraƙi ta taɓa tsinke wa Kumbo kan ƙaramin yatsa tana rarrafe. Bai taɓa rubuta wannan a abin da nake bugawa ba.

Ya ce, "Wane hannu?"

Jama'a, na ɗaga hannayena biyu ina kallo. Na rufe ido ina hango ta tana tankaɗe, tana jan carbi, tana miƙo min ƙosai. Ina ganin yatsan sarai, amma da na ce hagu sai ya koma dama, da na ce dama sai ya koma hagu. Hotonta ɗaya ne a gidanmu, shi ma hannayen suna cikin mayafi.

Na ce, "Baba, kai wanne aka ce maka? Wataƙila in ka faɗa in tuna."

Ya girgiza kai ya ce, "In na faɗa, abin da na faɗa za ki tuna. Bari mu tambayi wanda ya sha nononta."

Wato mahaifina, wanda duk muke kira Malam.

Bayan salla muka je Kiyawa. Baba ya sa babbar riga, ya riƙe goro da turare. Malam ya karɓe shi hannu bibbiyu, aka shimfiɗa buzu a zaure, aka ci abinci, aka yi hirar damina da tsadar taki. Ina daga bakin ƙofa ina jin su. Da Baba ya gyara zama ya kawo zancen, tun bai kai ƙarshe ba Malam ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Alhaji, uwata 'yar gidan nan ce. A nan ta girma, a nan ta yi aure, daga nan aka ɗauke ta zuwa makwancinta. Ban san mata wasu dangi ba."

Baba ya ce, "Hannu ɗaya kawai nake tambaya, Malam."

Malam ya ce, "A bar matattu su huta."

Shi ke nan. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, aka shafa, ya rako mu har mota.

A hanya kunya ta ishe ni. Mun kusa shigowa Dutse na ce, "Baba ka yi haƙuri, ban san me ya shiga kan Malam ba, ba haka yake ba." Ya ce, "Kada ki ga laifinsa. Ni takarda nake cikewa. Shi uwarsa ce."

Daga ranar bai sake yi min zancen Kumbo ba, ni ma ban yi masa ba. Muka ci gaba da Buba da Bello. Amma na lura a babbar takardar da ya manna a bangon falo, wadda ya zana sunayen kakanni da biro kowa da reshensa, ya rubuta Hauwa a gefen Kumbo, ya haɗa su da layi. Da fensir ya ja layin.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Alhamis ɗin nan ce da ta wuce.

Ya zo ofis a adaidaita, wai motar tana wajen makanike. Ga kwalbar man shanu a leda. Ya ce kwanansa uku a wajen Taura, ya je wurin wata tsohuwa, Goggo Dudu, ƙanwar mahaifinsa ce ta ɗakin wata matar, wadda aka haifa bayan an bar Kumbo da daɗewa. Da can in ya tambaye ta sai ta ce ta manta. Wannan karon ita ta aika a kira shi.

Fuskarsa wani iri, kamar mai murna kamar mai jin tsoro. Ya ce, "Malama, akwai abin da nake so in karanta wa Malam. Ki roƙar min shi. Ba sai ya amsa min komai ba, ya saurara kawai."

Na ce, "Baba ka san halinsa, wannan ba maganar waya ba ce. Bari ƙarshen wata in na je gida in lallaɓa shi."

Ya ce, "Ƙarshen wata." Sannan ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Ana jirana da wani fayil a sama, ko rakiya ban yi masa ba. Daga kan bene na hango shi a bakin get yana tsayar da adaidaita, ya riƙe hularsa da hannu ɗaya.

Kiyawa fa ba nisa. Da na so a ranar da yamma sai in je in dawo. Tun safe wannan yake cina.

Da Hajiya ta kashe waya yau, mutum na farko da na kira Malam ne, ban ma san dalili ba. Na ce, "Malam, Alhaji Sa'idu ya rasu." Ya ce, "Ƙarfe nawa za a yi masa salla?"

Na faɗa masa, ban ɗauka zuwa zai yi ba. Malam ya haura saba'in, gwiwa ta hana shi tafiya, ko bikin jikokinsa ba kowanne yake zuwa ba. Kuma sau ɗaya ya taɓa ganin mutumin nan a duniya, ganin ma ba a rabu da daɗi ba.

Ina cikin gida wajen mata, bayan an tafi kai shi, Hajiya ta ja ni ɗakinsa. Ta ɗauko littafi ɗaya mai jan bango daga kan gado ta ce, "Jiya ya ce in kin zo yau Asabar, wannan za ki fara bugawa. Ga shi, ke kika san rubutunsa."

Na zauna a bakin gadon na karanta shafukan ƙarshe. Na sake karantawa. Ina cikin na uku aka leƙo aka ce mahaifina yana soro yana kirana.

Na same shi zaune a kan tabarma, ƙurar maƙabarta a ƙafarsa. Ashe har can ya bi su. Na durƙusa na gaishe shi, ya kalli littafin da ke hannuna ya ce, "Abin da yake so ya karanta min ke nan?"

Na ce, "Malam, wa ya faɗa maka?" Don ni ban faɗa masa ba.

Ya ce, "Shi. Ya kira ni jiya Juma'a. Na ce masa ina da baƙi."

Ban san Baba yana da lambarsa ba ma.

Ya ce, "Karanta."

Na karanta masa abin da Goggo Dudu ta faɗa, kamar yadda Baba ya rubuta. Ta ce an koma neman Kumbo har sau uku. Na farko bayan kaka, uban da ɗansa Bello suka je ƙauyen suka tarar da kango. Aka ce musu rijiyar garin ta ƙafe, malamin ya tashi da iyalinsa da ɗalibansa, wasu suka ce ya yi gabas, wasu suka ce arewa. Na biyu, Bello ya zama saurayi, ya bar shanu a hannun 'yan'uwa ya yi wata guda yana bin tsangayu ɗaya bayan ɗaya, har Kiyawa ya shiga, yana tambayar yarinya mai suna Kumbo. Duk inda ya je sai a ce ba a san mai wannan suna ba. Na uku bayan ya yi aure, wani mutum a kasuwa ya ce masa ai yarinyar ta rasu tun shekarar da aka bar ta. Goggo Dudu ta ce bai yarda ba, amma daga nan bai sake fita ba, kuma ba a ambaton sunan a gabansa.

A ƙasa Baba ya ƙara layi biyu da ajami. Babana ya ce hagu. Goggo Dudu ta ce dama, har da rantsuwa, sai dai ita ba ta taɓa ganinta ba, ji ta yi.

Malam ya ce, "Koma wurin rijiyar."

Na koma na sake karantawa.

Ya ce, "Tsangayarmu ba a Kiyawa ta fara ba. Rashin ruwa ne ya taso kakana." Wannan ma yau na fara ji.

Ya sunkuyar da kai yana murza carbi, ba ja yake ba, murzawa kawai. Sannan ya ce, "Hagu ne."



Ya ce, "Matar kakana ce ta sa mata Hauwa, wai sunan da ta zo da shi ba na littafi ba ne. Ita kanta ta manta na farkon. Abin da ba ta manta ba, an ce mata in an yi kaka za a zo. Ta ce min duk shekara in aka fara yankan gero sai ta zauna a bakin zaure tana kallon hanya, har ta yi wayo, har aka yi mata aure, har ta haife ni tana yi. Da ciwonta ya yi tsanani ta ce min, in wani ya zo bayan raina yana cigiyata kada ka amsa masa, tun da ina da rai ba su zo ba. Maganarta na riƙe."

Ya ce, "Ashe an zo."

Tun da nake ban taɓa ganin hawayen Malam ba, ko ranar da aka binne Inna. Yau na gani, a soron gidan mutumin da ya gani sau ɗaya.

Ya ce, "Har garin ya shigo. Wataƙila ta ƙofar gidanmu ya wuce, tana ciki tana daka." Ya share fuska da hannun riga. "Shi kuma bawan Allahn nan ya tako har zaurena da goronsa, na sallame shi. Ya kira ni, na ce ina da baƙi. Ba ni da kowa, Saudatu. Ni kaɗai ne a zaune."

Na ce, "Malam, amma Goggo Dudu ta ce dama. Kuma an ce yarinyar ta rasu. Wataƙila wata ce daban, ai ba Inna kaɗai aka taɓa bari a gidan malamai ba."

Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Ina jin so nake in rage masa nauyi. Ko ni nake so in rage wa kaina.

Ya dafa bango ya miƙe, ya fita waje inda maza suke zaune a rumfa. Na leƙa ta ƙofar soro. Ga tabarmar masu zuwa gaisuwa, ga ta masu karɓa, inda babban ɗan Baba da ƙannen Baba suke jere. Malam ya wuce ta farko, ya je ya zauna a ta biyu, kusa da babban ɗan. Suka matsa masa don girmansa, amma kowa yana kallon kowa. Wani dattijo daga Taura ya miƙa masa hannu ya ce, "Malam, ban waye ba, yaya kuke da marigayin?"

Malam ya ce, "Taubashina ne."

Har na baro gidan yana nan zaune, ana yi masa gaisuwa yana amsawa.

To ni yanzu ban san inda nake ba. Shekara goma sha wani abu ina ce wa mutum Baba don ladabi, yau ana ce min wataƙila baban nawa ne da gaske. Mata suna tambayata a cikin gida, ke 'yar ofis ɗinsu ce ko 'yar'uwa, na ce eh. Eh ɗin me, ban sani ba. Malam ya gama yanke nasa hukuncin. Amma shi mai aikin, wanda ya fi kowa son abin ya tabbata, ya rasu bai bi layin nan da biro ba. Na tsaya gaban takardar a falo ɗazu, fensir ne har yanzu. Da ya ji hagu daga bakin Malam zai bi shi da biro, ko zai ce a ƙara bincike? Na san shi, yana iya cewa a ƙara.

Kuma in ita ce, Inna ta rasu tana ganin an yar da ita, yayanta ya rasu yana ganin ya kasa riƙe ƙanwarsa, tsakaninsu tafiyar da mota take yi kafin shayi ya huce a fulas. In ba ita ba ce, to akwai wata Kumbo a wani wuri da har yau ba a samo ba, Inna ma nata mutanen ba mu san su ba. Duk wanda na ɗauka a cikin biyun ba ya bari in zauna lafiya.

Hajiya ta ce in kwashe littattafan duka in ƙarasa aikin. Na ce to, don ba a musu da mai takaba. Amma ni Fulatancina daga ɗaya zuwa biyar ne, ban san hanyar ruga ko ɗaya ba, tsofaffin da yake zama da su ba su san ni ba.

Malam kuma ya ce bayan addu'ar uku in nemo mota in kai shi wajen Goggo Dudu. Ban san me zai ce mata ba. Kunnenta ya yi nauyi, an ce Hausarta ma ta fara guduwa, Fulatanci ya fi zo mata. Na faɗa masa haka, ya ce, "Ba magana zan je yi ba. Fuskarta nake so in gani."

Za mu je in Allah ya yarda.

Ya Allah ga bawanka Sa'idu ya zo gare ka. Ka san bai taɓa wulaƙanta na ƙasa da shi ba, ka san ya ƙarar da ƙarfin tsufansa yana neman zumuncin da ya yanke tun kafin a haife shi. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ya huta. Ka ba Hajiya Mairo da yara haƙurin rashinsa. Ka yafe min jinkirin da na yi masa, ka sanyaya zuciyar mahaifina.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. Ka haɗa da mahaifinsa Malam Bello. Ka haɗa da Inna Hauwa, da Kumbo. Ko mutum ɗaya ce ko su biyu ne, Allah ya san su, ya jiƙansu da rahama, ya haɗa kowa da nasa a Aljanna.

Amin.